Ƙanƙarar Zubi na Uku

Kwana uku ke nan dusar ƙanƙara na zuba a ƙauyen, kwana biyu kuma da rufe hanyar da ke gangarawa birnin Zahle. Mutanen gari ko a jikinsu. Tun kaka suka tara itace da man dizal, suka jera kwalaben zaitun, yanzu kowa ya shige ɗaki yana gasa dankali a kan murhu. Tahani kaɗai ce ke kwana da hanyar nan a ranta ta tashi da ita. Asibiti yana can ƙasan dutse, mijinta Hatim ma ƙanƙarar ta ritsa da shi a can wurin aiki, ita kuwa ga ta a sama da yara biyu, ɗayansu mai sikila.

Awwab ne, ɗan shekara shida. Tun suna gida Sudan, a Al-Ubayyid, likita ya ja mata kunne a kan sanyi, ya ce shi ne babban abin da ke tayar da ciwon. A lokacin har abin ya so ba ta dariya, don sanyin garinsu bargo ɗaya ke maganinsa. Sai ga shi aikin ruwan da Hatim ke yi wa wata ƙungiya ya kwaso su ya dire a kan dutsen Lebanon, inda wanki ke sandarewa a kan igiya kafin ka gama shanya.

Kowace safiya, tun kafin ta ce masa ina kwana, sai ta kama tafin ƙafarsa ta ji, ta murza yatsunsa, ta ja fatar idonsa ta duba ko farin ya fara sauya launi. Yaron ya saba, har miƙo ƙafar yake yi ido a rufe. Daga nan sai gorar ruwansa, wadda ta ja wa layi huɗu da biro. Dole ruwan ya sauka layi ɗaya kafin kowace salla, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji.

Duk ƙauyen babu wanda ya san da ciwon. Ranar da aka gano shi, mahaifiyar Tahani ta ja ta gefe ta ce kada ta kuskura ta yayata, za a ce jinin gidansu ne, ga ƙannenta mata ba su yi aure ba. Ƙannen duk sun yi aure tuni, amma Tahani ta haɗo shirun nan cikin kayanta ta taho da shi. A nan ma ta samo masa sabon dalili. Su kaɗai ne baƙaƙe a ƙauyen, ko shago suka shiga sai mata sun taɓa kitson Rinad, ƙanwar Awwab, suna tambayar ko ana wankewa. Kallon baƙunta ya ishe ta, ba ta son a ɗora mata na tausayi. Sau nawa Hatim yana cewa ko mai gidan ce a gaya wa, tana cewa sai an jima. Duk wanda ya tambayi dalilin da yaron ba ya fita, amsa ɗaya ce, mura yake yi.

Mai gidan ita ce Umm Nazih, tsohuwa 'yar shekara saba'in da ɗoriya, tana zaune a ƙasa su suna sama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a Brazil, ga baki kuma ba a cewa komai. Ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Tun makon farko ta ƙwace yaran, suka koma kiran ta Teta kamar jikokinta. Tana son Awwab har ranta, shi ya sa ta fi matsa masa da tsiya. Sarkin Bargo take ce masa. Idan ta ga Tahani a matakala sai ta riƙe ƙugu ta ce, “Wai 'yata, murar nan tarewa ta yi a jikinsa? Wata uku fa. Sake shi ya sha iska, namiji ne, ba ƙwai ba.”

Tahani sai ta yi murmushi ta wuce.

Rinad, 'yar shekara huɗu, ita lafiyarta ƙalau, don haka akan bar ta ta fita minti goma da hantsi. Shirin fitar ya fi fitar tsawo. Safa biyu, wando uku, hula, safar hannu wadda kullum ɗaya ke ɓata, kuma ana gama ɗaure takalmi za ta ce fitsari. Awwab yakan hau kujera a bakin taga da bargonsa yana kallon ta. Da yana kuka ko yana shure-shure, da Tahani ta fi samun sauƙi. Ba ya yi. Sai dai in ƙanwar ta dawo da jan hanci ya tare ta da tambaya, yaya abin yake a hannu, yana da nauyi, yana da ƙamshi? Rinad ta ce kamar garin tuwo ne, amma yana cizo. Ya riƙa juya maganar a ransa, uwar kuwa ta shige kicin don kada ya ga fuskarta.

Tun farkon sanyi Umm Nazih ke lissafa zubin ƙanƙara. Ta ce na farko ba a sha, ƙurar sama yake wankewa. Na biyu ma a bar shi, na wankin rufin gidaje ne da bishiyoyi. Na uku shi ne na sha, a ɗebo shi a kwano a kwarara masa dibis, maɗin inabin nan mai kauri da take dafawa da kanta kowace kaka. Baƙsama suke ce masa. Ta ce babu yaron da ya taɓa kwana a gidan nan bai sha baƙsamarta ba. Tahani ta ji maganar ta fi sau biyar, amma ta ɗauke ta cikin surutan tsohuwa, ba ta taɓa tsayawa ta ƙirga ba. Wannan da ke zuba yanzu shi ne na uku.

Da hantsin ranar man murhunsu ya ƙare. Murhun ƙarfe ne mai ɗigo da mai kaɗan-kaɗan, da ya mutu kuwa ɗaki ke fara hucewa. Durom ɗin man yana rumfar bayan gida, ƙanƙara ta toshe ƙofar har gwiwa. Tahani ta lulluɓe yaran ta sauko da su ɗakin Umm Nazih, wanda ya fi ko'ina ɗumi don ita itace take ƙonawa. Ta zaunar da Awwab a gaban wuta, ta ba shi gorarsa, ta ce kada ya motsa. Tsohuwar ta ce, “Je ki abinki, ba zan cinye shi ba.”

Ba ta da shebur, da farantin yin burodi ta yi ta kwasar ƙanƙarar. Ta ɗauka aikin minti goma ne, sai ga shi ta haura rabin awa, yatsunta sun daina jin komai. Tana cikin tsiyaya man a jarka Hatim ya kira. Ya ce motocin share hanya suna kan babban titi, ta ƙauye kuwa sai gobe in Allah ya so. Ya tambayi yaron. Ta ce lafiya lau, yana gaban wuta wurin Teta. Ba ta rufe baki ba ta jiyo dariya daga gefen gidan, wajen barandar tsohuwar. Ta san dariyar Rinad, wannan ba ita ba ce. Ta daɗe ba ta ji ta ba, shi ya sa ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta gane ta Awwab ce.

Ta yar da jarkar ta zagayo.

Yana tsaye a baranda, ƙanƙara ta rufe masa idon sawu, ba hula, ba safar hannu. Umm Nazih ce ta cire masa, don a cewarta ba a ɗiban baƙsama da tsumma. Tana nuna masa yadda ake yi, a share ta sama, kada a taɓo ta ƙasa, a ɗebi ta tsakiya. Hannuwansa biyu sun nutse a ciki har wuyan hannu. Bakinsa da haɓarsa duk dibis, ga kwano a kan dakali saura kaɗan. Da ya hango uwarsa sai ya ɗago dunƙulen da ke hannunsa ya ce, “Mama, ba ta da nauyi!”

Tahani ba ta san lokacin da ta haye barandar ba. Ta kaɗe masa hannu, ta sure shi, gwiwarta ta bugi kwanon ya faɗi ya fashe. Ta tambayi tun yaushe yake waje, da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Umm Nazih ta ce tun fitarta, kuma kwano na biyu ke nan, yaron ashe ba abin da ke damun sa sai kulle. Sannan ta dubi fasasshen kwanon, ta dubi Tahani, fuskarta ta canza.

“Ƙazanta kika gani a kwanona?”

“Ba haka ba ne, Khalti,” in ji Tahani, wato inna da harshensu.

“To mene ne? Na raini yara biyar a gidan nan, duk sun sha, ba wanda ya mutu.”

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Maganar ta zo wa Tahani har baki. Amma ga matar maƙwabci ta leƙo ta taga, ga yaron da ke hannunta yana ta sanyi kamar ƙarfe, sai ta haɗiye. Ta ce wa Rinad ta biyo ta, ta haye sama ta rufe ƙofa. Tana jin tsohuwar a ƙasa tana share fasassun tangaran tana magana ita kaɗai.

Sai da ta shiga ta tuna jarkar tana waje. Ta naɗe yaron a bargo uku, ta sake sauka da gudu, ta tarar rabin man ya zube. Ta kunna murhu. Ta cire masa jiƙaƙƙiyar safa, ta sa hannuwansa a ruwa mai ɗumi, ta ɗura masa shayi, ta ba shi maganin ciwon da ke gida tun kafin ya nema. Ta auna zafin jikinsa, babu zazzaɓi. Daga nan kuma ba sauran abin yi sai jira, ita kuwa ta san jiran nan. Wani lokaci a tsallake, wani lokaci bayan awa biyu ko uku ciwon ya sauko a ƙashi, yaro ya riƙa murɗewa, kuma ba abin da ke kwantar da shi sai allura da ƙarin ruwa a asibiti.

Ta kira Hatim ta gaya masa. Ya ce zai nemi wanda zai hau da shi ko da rabin hanya ne, sauran ya taka. Ta ce kada ya yi hauka, mutane na ɓacewa a farin ƙanƙarar nan. Ya ce to ta sauka ta gaya wa Umm Nazih, su 'yan gari sun san yadda suke yi. Ta ce bari dai a gani tukuna, wataƙila ba abin da zai faru.

Azahar ta wuce lafiya. Ta dafa miyar adas, ƙananan waken nan, Rinad ta zubar da rabi a kan shimfiɗa, aka goge. Awwab ya sha cokali biyar. Duk bayan ɗan lokaci sai ta tambaye shi ina ke ciwo, ya ce babu. Ya ma ba Rinad labarin yadda ake ɗiban ta tsakiya, kamar ba tana wurin aka yi ba. Tahani ta fara jin numfashinta na dawowa. Har ta soma tunanin yadda za ta ba tsohuwar haƙuri, ko ta sayo mata sabon kwano in hanya ta buɗe.

Wajen la'asar ta lura ya daina magana. Yana kwance ya juya wa ɗakin baya, wai barci yake ji. Ta miƙa masa gorar ruwa, ya karɓa da hagu, shi da ba bahago ba. Hannun daman yana matse a ƙarƙashin cinyarsa. Ta sa ma'auni, zafi ya ɗan hau. Ta ce ya ba ta hannun, ya ce ai ba komai. Da ta ɗaga bargon sai ta ga gefen matashin ya jiƙe sharkaf, ga shatin haƙora a jiki. Cizon matashin yake yi.

Ta durƙusa. “Awwab, tun yaushe?”

“Tun muna cin abinci.”

“Na yi ta tambayar ka. Me ya sa ka ce babu?”

Sai da ya ja numfashi sau biyu kafin ya iya amsawa. “In na faɗa zan yi kuka. In na yi kuka Teta za ta ji ta ƙasa.” Ya runtse ido, ya buɗe. “Ke kika ce in riƙa yi a hankali.”

Ita ta ce. Watan da suka tare, ciwon ya ɗan taɓa shi, ƙarami ne, kwana ɗaya ya sake shi. Yana kuka ta rungume shi tana cewa yi a hankali, Teta na ji, har ta ƙara muryar talabijin. Ita ta manta da maganar tun a daren. Shi ya riƙe, ya kuma ɗauke ta doka. Awa biyu ke nan yaron yana kwance kusa da ita ƙashinsa na ci, yana tsare mata sirri. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, tsoro kuma ya danne kunyar, domin awa biyun nan da an yi amfani da su da yanzu an san inda ake.

Ta ce wa Rinad ta zauna kusa da yayanta. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta sauka.

Umm Nazih ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakin, ba ta ce shigo ba. Tahani ta faɗi komai a tsaye. Ta ce ba mura ba ce, ciwon jini ne da aka haife shi da shi, sanyi ke tayar da shi, yanzu kuma ya tashi, ga zazzaɓi, dole sai asibiti. Tsohuwar ta san ciwon, akwai wani gida a ƙauyen mijinta da suka binne yara biyu a kansa. Ta dafa bango.

“Da hannuna na cire masa safar,” ta ce. A karon farko Tahani ta ji ta yi magana ƙasa-ƙasa. “Wata uku ina ce masa Sarkin Bargo, kina tsaye kina murmushi.”

“Ki yafe mini, Khalti.”

“Ba yanzu ba. Ba ni da lokacinki.”

Ta juya ta ɗauki waya, muryarta ta dawo da ƙarfinta. Ta kira Abu Salim mai tarakta, wanda ke share wa kansa hanyar gonar tuffa, ta ce ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Da ya fara cewa gangaren akwai santsi kuma rana ta yi nisa, ta tuna masa ita ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku a irin wannan ƙanƙara. Ya ce ga shi nan. Ta kira wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya a can ƙasan ƙauye, ta ce ta tsaya a bakin hanya a ɗauke ta. Ta sa Tahani ta gaya wa Hatim ya jira su a mahaɗar babban titi da mota. Tana yi tana zaro tubula biyu masu zafi daga ƙarƙashin murhu, ta naɗe su a tawul, ta janyo wata tsohuwar rigar fatar tunkiya ta mijinta daga cikin akwati. Ta ce Rinad a wurinta za ta kwana, kuma ba shawara take nema ba.

Kafin su gama, ƙauyen ya ji. Ƙofofi suka fara buɗewa, maza biyu suka fito da shebur suna share bakin gida. Tahani ta hango matar maƙwabcin nan ta taho da bargo a kafaɗa. Abin da ta yi wata uku tana gudu ya faru cikin minti goma, ta kuma rasa dalilin da ya sa ta yi ta gudun.

Suka hau tare, tsohuwar na gaba tana haki, tubulan a ƙirjinta.

Awwab ya koma cizon matashi, jikinsa ya lanƙwashe, gumi ya keto masa. Da ya ga wadda ta shigo sai ya saki matashin da sauri. Ya miƙe ƙafafunsa da ƙyar, ya haɗe leɓe, ya yi ƙoƙarin yi mata murmushi. Har ya ce, “Teta, baƙsamar da daɗi.”

Umm Nazih ta matso. Ta zauna a bakin katifar ta cusa tubulan kusa da ƙafafunsa.

Tahani ta durƙusa ta kama fuskarsa da hannu biyu. “Na gaya mata, Awwab. Ta sani. Kowa ya sani.”

Ya dubi uwarsa, ya dubi tsohuwar, ya sake duban uwarsa, yana neman tabbaci.

“Ba sai na yi a hankali ba?”

“Ba sai ka yi ba.”

Ya buɗe baki. Kukan da ya fito ya fi ƙarfin jikin yaro ɗan shekara shida, ya cika ɗakin, ya sauka matakala, har masu shebur a waje suka tsaya da aiki. Rinad ta toshe kunnuwanta. Tahani ta taɓa jin kukansa a asibitoci uku, ba ta taɓa jin irin wannan ba, sai a lokacin ta san girman abin da ya yi awa biyu yana riƙe mata. Ba ta ce masa ya isa ba. Ta naɗe shi a rigar fatar, ta ɗauke shi yana ta yi, suka sauka inda taraktar ke jira.